Kurakuran da baƙi ke tafkawa wajen cin abincin Bengali a tsibiran Andaman

Wanda ya tashi daga Kolkata ko Chennai ya sauka a tsibiran Andaman na Indiya bayan tafiyar kusan awa biyu a jirgin sama, yakan ɗauka ya zo ƙasar rairayi da kwakwa kawai. Alhali ya faɗo tsakiyar Bengalawa ne. Tun daga 1949 gwamnatin Indiya ta fara tsugunar da 'yan gudun hijirar Gabashin Bengal a nan, bayan rabuwar ƙasar a 1947, kuma ƙidayar 2011 ta nuna Bengali ne harshen uwa da ya fi yawan masu magana a tsibiran. A tsibirin Havelock, wanda aka sauya wa suna zuwa Swaraj Dweep a 2018, yawancin mazauna jikokin waɗannan mutane ne. Girkinsu na nan daram, sai dai baƙi da yawa kan gama hutunsu ba su ɗanɗana shi yadda ya kamata ba.

Babban abin da ke jawo haka shi ne maƙalewa a otal. Abincin masaukin bakin teku an tausasa shi ne don ya shiga bakin kowa, ga tsada. Ka fita kasuwar Govind Nagar ta Havelock, wadda ake kira Lamba 3, ko Aberdeen Bazaar a Port Blair, babban birnin da tun 2024 ake kira Sri Vijaya Puram a hukumance. Ka nemi ƙaramin gidan abincin da direbobi da masunta suka cika, ka ce a ba ka thali na kifi: shinkafa, miyar wake da suke kira dal, soyayyen kayan lambu, da kifi a romo. Ka je da rana tsaka, don da an wuce ƙarfe uku tukwane sun ƙare. Ka kuma lura tsibiran suna bin agogon Indiya ne duk da sun yi nisa can gabas, shi ya sa wajen ƙarfe biyar da 'yan mintoci rana ta faɗi, gari kuma kan yi tsit da wuri.

To, ga tire ya iso da ƙananan kwanuka kewaye da shinkafa, nan ne ake yin ɓarnar da ta fi ba ni takaici. Mutum sai ya juye komai a kan shinkafar ya cakuɗa, kamar yadda muke yi wa shinkafa da miya a gida. Bengalawa ba haka suke ci ba. Abincinsu bi-da-bi ne, kowane kwano da ɗan rabonsa na shinkafa. Da ɗaci ake farawa: ko shukto, wato dahuwar kayan lambu mai ɗanyar ayaba da sandunan 'ya'yan zogale da wani ɗan'uwan garahuni, ko kuma sabon tohon darbejiya da aka soya da gauta. E, darbejiyar nan dai ta bakin titi. Daga nan sai dal da soye-soye, sai kayan lambu, sai kifi, sai nama idan akwai. A ƙarshe a kawo wani kwaɗon tumatir ko mangwaro mai zaƙi da tsami, a rufe da kayan zaƙi irin su rosogolla ko mishti doi, kindirmo mai zaƙi da ake kafawa a 'yar tukunyar ƙasa. Ɗacin farko yana buɗe baki, kowane kwano kuma ya fi wanda ya gabace shi nauyi. Wanda ya haɗe su wuri guda ya biya kuɗin abinci kala shida ya ci kala ɗaya maras kan gado.

Sai cika bakin cewa mun saba da yaji. Zafin attaruhu daban, na mastad daban. Bengalawa da man mastad suke girki, kuma suna niƙa ƙwayarsa da ɗanyen barkono su dafa kifi a ciki, abin da suke kira shorshe mach. Wannan a hanci yake tashi, har ido ya kawo ruwa. Ka fara da macher jhol, romon kifi mara kauri mai kurkum da dankali, ko chingri malai, jatan lande a ruwan kwakwa, kafin ka kai ga mai mastad. Wasu ƙamshin ma ba za su yi maka baƙunta ba, don a cikin haɗin ƙwayoyi biyar da suke tashin mai da shi akwai hulba da habbatus sauda.

Kifin kansa yana da nasa tarkon. Baƙo kan zo da sunan ilish a baki don ya ji an ce shi ne sarkin kifin Bengal. Gaskiya ne, amma darajarsa ta kogunan Padma da Hooghly ce, lokacin damina, fiye da kilomita 1,000 daga inda kake zaune. A tsibiri ka tambayi abin da masunta suka fito da shi yau: surmai, tuna, kaguwa, jatan lande. Manyan kifaye da kaguwa bisa nauyi ake sayar da su a wurare da dama, don haka a auna a gabanka, a yanke farashi kafin a ɗora a wuta. Kuma ka ajiye cokali. Da yatsun hannun dama ake laluben ƙaya, cokali ba ya jin ta.

Kan nama kuwa, kada ka ɗauka kowace kaza yankan Musulmi ce. A Indiya akwai yankan da ake kira jhatka, na sara ɗaya, kuma mai gidan abinci ba zai ji haushi ba idan ka tambaya ko halal ne. In amsar ba ta gamsar da kai ba, kifi ya wadatar, ko ka shiga wajen Tamilawa, waɗanda su ma suna da yawa a Port Blair, ka ci dosa da idli, waɗanda ake yi da ƙullun shinkafa, da sambar, miyar wake da kayan lambu. Mai ƙyamar kifi ko wanda jatan lande ke tayar wa da ƙaiƙayi shi ma ya tambaya, domin Bengalawa kan jefa kan kifi a cikin dal, su zuba ƙananan jatan lande a dahuwar duma, kuma a ido ba ka ganewa.

Ranar da za ka hau jirgin ruwa tsakanin Port Blair da Havelock, tafiyar wajen awa biyu, ka rage ciki, musamman daga Mayu zuwa Satumba lokacin da teku ke tashi. Ruwan sha na gora ko ɗanyar kwakwa da aka fasa a gabanka sun fi ruwan jug na kan tebur aminci.

Idan aloo posto ya yi maka daɗi, wato dankalin da ake dafawa da niƙaƙƙen irin furen popi, ka more shi a can. Kada ka sayi ƙullin irin ka sa a jaka da sunan tsaraba in ta Dubai za ka biyo, saboda Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta haramta shiga da shi, haka ma Saudiyya.