Sanya ragar sitent a jijiyar wuyan tsoho: inda haɗarin yake

Jijiyoyin karotid biyu da ke gefen wuya su ke kai wa ƙwaƙwalwa mafi yawan jininta. Idan kitse ya daskare a inda jijiyar ta rabu biyu, ɓarɓashinsa kan ɓalle ya toshe ƙaramar hanya a sama, sai shanyewar ɓarin jiki. Gyara iri biyu ne: a tsaga wuya a kankare kitsen, ko a zura 'yar ragar ƙarfe, wato sitent, ta cikin jijiya ta buɗe wurin.

Ga tsoho, sai an fara tambayar ko ragar ma ta dace. A 2010 an haɗa sakamakon gwaje-gwaje uku da suka kwatanta raga da tiyata, EVA-3S da SPACE da ICSS, kan masu alamun cutar. Cikin waɗanda suka kai shekara 70, kashi 12 cikin 100 na masu raga sun sami shanyewar jiki ko sun rasu cikin kwana 120, na tiyata kuwa kashi 5.9. Ƙasa da 70 kusan kunnen doki aka yi. Don haka raga sai da hujja: wuyan da aka taɓa haska wa maganin daji, toshewar da ta dawo bayan tiyata, matsewar da ta yi sama har wuƙa ba ta kai wa, ko zuciyar da ba za ta jure tiyata ba.

Abin da ke cutar tsoho shi ne hanyar da bututun da ke kai ragar zai bi. Lanƙwasar babbar jijiyar da ta fito daga zuciya tana miƙewa tana murɗewa da shekaru, bangonta cike da kitse mai rugurguzuwa. Duk gogar da bututu ya yi a nan yana tura ɓarɓashi sama, tun kafin a kafa matatar da ke tare ɓarɓashi a jijiyar wuya. Shi ya sa hoton CT daga ƙirji zuwa kai wajibi ne. In ya nuna taurin da ya zagaye matsewar kamar zobe, ko gudan jini a wurin, raga ba ta dace ba. In kuwa lanƙwasa mai tsanani ya nuna, a haƙura da zura bututun ta matsematsi. A bi ta jijiyar hannu, ko a yi TCAR: ƙaramin yanka a gindin wuya, a juya gudun jinin baya zuwa jijiyar cinya ta cikin matata, ba a taɓa lanƙwasar ba.

Majiyyaci ya fara magungunan hana gudan jini, asfirin da kulofidogirel miligiram 75, aƙalla kwana uku kafin aiki, tare da maganin rage kitse. A duba ƙoda, a ba shi ruwa, a rage rinin da ake zubawa a jijiya don ɗaukar hoto, saboda yana iya cutar da ƙoda. A kashe wurin shiga kawai, a bar shi a farke yana magana, da ƙwallon roba mai ƙara a hannun ɗaya gefen. In ƙarar ta tsaya ko harshe ya yi nauyi, a dakata nan take.

Ana ba da hefarin, maganin hana daskarewar jini, har gwajin ACT, mai auna lokacin da jini ke ɗauka ya daskare, ya kai daƙiƙa 250 zuwa 300. A tsallaka matsewar da siririyar waya mai inci 0.014, a buɗe matata a sama, a faɗaɗa da balan-balan mai milimita 3 zuwa 4 in akwai buƙata, sannan a saki ragar mai buɗe kanta, tsawon milimita 30 ko 40. Hura balan-balan bayan an sa raga ita ce mafi haɗari, don tana matse kitse ta ramukan ragar. Kada a wuce milimita 5, kuma sau ɗaya ya isa. Ragowar matsewa ta kashi 30 ba laifi ba ce. Neman jijiyar ta buɗe sarai a hoto ya jawo wa da yawa shanyewar jiki.

A daidai wurin akwai mahaɗar da ke auna ƙarfin jini, matsa ta kan rage bugun zuciya jini ya faɗi. A ba da atirofin, maganin ƙara bugun zuciya, miligiram 0.5 zuwa 1 kafin hurawa. Ga tsoho gilaikofairolet, mai aiki irin na atirofin, ya fi, don ba ya rikita tunani.

Bayan aiki a riƙe lambar sama ta awon jini ƙasa da 140. Ƙwaƙwalwar da ta saba da ƙarancin jini ba ta jure ambaliya: ciwon kai mai tsanani a gefen da aka yi aiki, jijjiga ko ruɗewa na nufin a koma asibiti a ranar. Asfirin da kulofidogirel a ci gaba da su aƙalla mako huɗu, sannan asfirin shi kaɗai har abada.