Kurakuran kiwo da ke mayar da fili dajin tumfafiya

Yanzu a Kano ɗan kasuwa ko ma'aikaci yakan sayi fili a hanyar Dambatta ko Bichi, ya zuba shanu, ya damƙa wa makiyayi, sai ranar Asabar ya leƙa. Kafin a jima ka ji yana cewa ƙasar ta mutu. Galibi ƙasa lafiyarta ƙalau, yadda ake kiwon ne ya kashe ciyawar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sakin dabbobi da zarar ruwan farko ya sauka, a Mayu ko Yuni. Yawancin ciyawarmu, irin su kyasuwa da harkiya, kowace shekara daga irin da ya zube bara take fitowa. Tsiron da bai kafa saiwa ba, saniya tana fizge shi har da ƙasa, tunkiya kuma ta gaigaye abin da ya rage. Ka riƙe su da harawa da dusa har ciyawa ta yi ƙwari. Harawa na tsada a lokacin, gaskiya ne, amma ba ta kai asarar damina guda ba. Haka ma watan Satumba, lokacin da ciyawa ke fitar da kai: in aka cinye ta kafin iri ya zube, baɗi sai ƙarangiya. A keɓe wani ɓangare, kada a shiga sai ya bushe.

Sai kuma masu ƙirga kawunan shanu su manta da ƙirga kwanaki. Dabba zaɓe take yi. In ta daɗe a wuri ɗaya, kullum gamba za ta koma wa, da ta toho ta sake datse ta, har tushen ya ƙare ya mutu. Tafasa da tumfafiya da sabara kuwa ba ta kula su, sai su samu sarari su mamaye. Shi ya sa mai fili zai tsaya a Agusta ya ga kore shar ya yi hamdala, alhali rabin koren ba abinci ba ne. Ka sunkuya ka duba me ya fito. Maganin shi ne a raba fili gida uku ko huɗu, a yi 'yan kwanaki a nan a matsa gaba, kuma kada a bari a ci gamba har ƙasa.

Bakin mashaya ma a lura. Inda ake taruwa kullum kofato yakan daddale ƙasa ta yi ɓawo, ruwa ya riƙa gudu a kai maimakon ya nutse. Kada ka haɗa ruwa da kanwa da makwanci a wuri guda.

Wasu in sun ga ɓarna sai su killace filin su hana kiwo gaba ɗaya. Wannan ma ba dabara ba ce, domin kashin shanu taki ne, kofato kuma yana binne iri. Hutu fili ke buƙata, ba kulle ba.

Cinna wa busasshiyar ciyawa wuta a tsakiyar rani, wai don ta yi toho, yana ƙone iri da ƙananan itatuwa. Gawo kuma, da yake shi ne ke da ganye da rani lokacin da sauran suka kaɗe, a sassare masa 'yan rassa kaɗan a bar masa kai, 'ya'yansa da ke zubowa ma abinci ne.