Dafa gahawa a kan duwatsun Damagaram, a hunturu ko a damina

A Damagaram sanyi da ruwan sama ba sa haɗuwa a wata ɗaya. Hunturun Disamba da Janairu busasshe ne, iska da ƙura, ruwa kuwa ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta. Amma wanda ya hau duwatsun unguwar Birni ko ya fita ta hanyar Mirya da butarsa, matsalarsa ɗaya ce a lokutan biyu: zafi na gudu daga buta kafin garin gahawa ya jiƙa.

Kayan ba su da yawa: butar shayi mai cin rabin lita, ƙaramin murhun waya irin na masu shayi, gawayi cike da hannu biyu, matacin shayi da kofuna. Gawayi da ashana a ƙulle su a leda daban-daban, don gawayin da ya sha raɓa hayaƙi kawai yake yi. Ruwa a taho da shi daga gida, in da hali a filas da zafinsa, sai tafasa ta zo da wuri. Ruwan da ke da ɗanɗanon kanwa yana kashe gahawa, sukari ba ya gyara shi.

Awo shi ne garin gahawa giram 60 a ruwa lita ɗaya. Ga rabin lita giram 30 ke nan, wajen cokalin cin abinci huɗu cike maƙil. A auna tun a gida, iska ba ta barin mutum ya yi awo a waje. Niƙan ya zama mai tsaki-tsaki. In ya yi laushi ƙwarai zai wuce mataci, ya cika baki da laka, ya kuma yi ɗaci.

Wurin zama ya fi komai. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, don haka a zauna kudu maso yammacin dutse, a kare murhu da duwatsu biyu ko uku. Kafin a ɗaga dutse a ture shi da takalmi, kunama na son ƙarƙashinsa. A share busasshiyar ciyawa taku biyu kewaye da wuta.

Ruwa ya tafasa, a sauke buta, a jira kamar daƙiƙa 30 ya sauko wajen digiri 92 zuwa 96. In iska na da ƙarfi rabin wannan ya isa. A zuba gari, a juya sau ɗaya, a rufe, a naɗe butar da rawani ko tawul, a bar ta minti 4. Nan mutane suka fi kuskure: hannu ya saba da shayi, sai a mayar da buta kan wuta tana ta ɓararraka. Gahawa ba ta son haka, ƙamshi ya tafi, a bar ka da ɗaci. Wadda kuma ta fito da tsami, salam, ruwanta ne ya huce da wuri. Mai son citta ko kanumfari ya sa su tun ruwa na kan wuta.

Bayan minti 4 a zuba cokali biyu na ruwan sanyi a sama, gari zai kwanta. A ɗauraye kofuna da ruwan zafi, a tsiyaya a hankali, a bar na ƙasa a buta.

A damina a ƙara da laima a kan murhu, nesa da harshen wuta. Kada a hura gawayi a rufaffiyar mota ko matsatsen kogo, iskar da yake fitarwa tana kisa kuma ba ta da wari. Da an ji tsawa a kashe wuta da ragowar ruwa a sauka, a hankali, don jiƙaƙƙen dutse santsi gare shi.