Yadda za ka ji albam ɗin rawa na Sifaniyanci har ka gane me ake cewa

Ƙanwata ta yi sati biyu cur tana rera wani amshi na Sifaniyanci, ta haddace shi tsaf har da lanƙwasa murya, da na tambaye ta me yake nufi sai ta ce wai ita kiɗan kawai take so. Irin albam ɗin nan ne da mawaƙan pop ke yi don matasa, misali Revelación da Selena Gomez ta fitar a 2021, waƙa 7 ne a ciki kuma kusan duk da Sifaniyanci. To ga yadda nake bi da su.

Ji na farko kar ka buɗe komai, saka abin ji a kunne ka bar albam ɗin ya tafi daga farko har ƙarshe, kunnenka na kan ganga kawai. Yawancinsu a kan kiɗan reggaeton aka gina su, wanda ya yi ƙarfi a Puerto Rico cikin shekarun 1990, asalinsa kuma daga Jamaika da Panama. Bugun da ke ƙasa sunansa dembow: dum, ca-dum, ca, haka yake ta maimaituwa ba ya gajiya. In ka kama shi da tafi ko da ƙafa to ka gama rabin aiki, don a kansa taku yake sauka.

Sai ji na biyu, nan ne aikin yake. Rubuta sunan waƙar a Google ka ƙara kalmar letra, haka suke kiran rubutattun baitoci, ko ka duba a Spotify yana nuna su suna tafiya tare da waƙar. Daɗin abin wasulansu biyar ne, a e i o u, kuma kusan yadda muke karanta su da Hausa haka suke fita. Abin da ke rikita mutum kaɗan ne: h ba a furta ta sam, j tana fita kamar h mai kauri, ll kusan y ce, ñ kuma ny. In mawaƙiyar na gudu kai YouTube ka rage saurin zuwa 0.75, muryar za ta ɗan yi wani iri amma za ka ji kowace gaɓa.

Wani abu da ya daɗe yana ba ni haushi kafin na gane, ka ga kalma a rubuce amma a baki ba ta nan, ashe mutanen yankin Karebiyan haɗiye haruffa suke yi, s ɗin ƙarshen kalma ta ɓace, todo ya koma to, para ya koma pa, har amor wani lokaci ka ji amol. Ba kunnenka ne ya samu matsala ba.

Kar ka ce sai ka fassara albam gaba ɗaya, za ka gaji tun a waƙa ta biyu. Fara da amshi. Kalmomin nan dai su ne ke ta dawowa: corazón zuciya, noche dare, baila yi rawa, contigo tare da kai, beso sumba, dale kuma kamar a ce mu je zuwa.

Amma fa ka duba ma'ana kafin ka ɗora bidiyonka kana rerawa. Don an ce na matasa ne ba shi ke nuna baitocin tsaf suke ba, wasu in aka fassara sai ka rufe fuska. Duba ko akwai harafin E a gefen sunan waƙar, alamar akwai batsa ko zagi kenan, kodayake wasu da habaici suke yi alamar ba ta kama su. Google Translate ma yakan sha ƙasa a nan, musamman a kan kalmomin gayu irin su perreo, wato rawar manne-manne da ake yi da reggaeton. Ranar da na karanta wa ƙanwata fassarar amshin nata shiru ta yi, can ta ce in tura mata waƙa ta gaba ita ma in duba.