Ba zanen dutse ba ne: kurakuran da aka fi yi wajen nema wa mai larurar hali magani

Shekara bakwai muka yi muna ce wa ƙanwata mai baƙin hali. Da safe ta rungume ka tana kuka, ta ce duk duniya ba ta da kamarka. Kafin la'asar, don ka yi jinkirin ɗaukar wayarta, ka zama maƙiyi. Aurenta biyu ya mutu. A hannunta na hagu akwai sawun reza da take rufewa da hijabi. Inna takan girgiza kai ta ce, "Hali zanen dutse." Wannan karin maganar ita ce kuskurenmu na farko, ita ce kuma ta fi cin mana lokaci.

Likitoci suna da sunan abin. A karnen asibiti, ɗan littafin da likita yake rubutu a ciki, za ka ga an rubuta shi da Faransanci, trouble de la personnalité, wato rikicewar hali: yadda mutum yake ji, yake kallon kansa, yake zama da jama'a ya karkace tun tashen balaga, ya daɗe a haka, har ya hana shi riƙe aure ko sana'a. Littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya kasa shi iri 10. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a tsarinta da ya fara aiki a 2022, ta fi duba nauyinsa: mai sauƙi ne, matsakaici, ko mai tsanani. Irin na ƙanwata shi ake kira bodalayin, mai tsoron a guje shi kamar tsoron mutuwa. Masu binciken da suka bi irin waɗannan marasa lafiya shekara 10 sun tarar alamun mafi yawansu sun lafa sosai. Da mun san haka tun farko!

Daga nan sai muka ce iskoki ne, ko sammun kishiya. Ba na hana kowa addu'a da tofi, ni ma ina yi mata. Abin da nake kuka da shi shi ne tsayawa nan kaɗai, da kai mutum inda za a ɗaure shi ko a dake shi wai ana korar aljani. Yawancin masu wannan larura sun sha wuya tun ƙuruciya, duka ko wulaƙanci ko rashin mai kula. Bulala tana ƙara zurfafa ramin ne kawai. A yi addu'a, a kuma je asibiti, ɗaya ba ya korar ɗaya.

To, wace ƙofa za a ƙwanƙwasa? Nan ma mutane suna ɓata. Sikiyatir likitan ƙwaƙwalwa ne, shi yake tantance ciwo, ya rubuta magani. Sikolog ba ya rubuta ordonansi, aikinsa zama da mutum, mako bayan mako, ana magana ana gyara. Akwai kuma ma'aikatan jinya da suka yi karatun lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma a ƙasarmu Nijar su ne suke ɗauke da mafi yawan aikin. A Damagaram, fara daga CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, a ba ka takardar turawa, ko ka nufi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa na Zinder. Wasu suna tsallakawa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, wasu su kama hanyar Yamai, kusan kilomita 900. Kafin ka sayar da akuya don tafiya mai nisa, tuna cewa wannan magani na dawowa ne sau da yawa. Wanda za ka iya kaiwa da kabu-kabu ya fi ƙwararren da za ka gani sau ɗaya a shekara. Kuma kada kunyar "asibitin mahaukata" ta hana ka. Mai larurar hali bai fita hayyacinsa ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jiran ƙwaya. Babu maganin sha da aka yi don gyara hali. Likita zai iya ba da magani idan akwai ciwon damuwa ko fargaba tare, ko na ɗan lokaci idan abin ya yi zafi, amma tushen aikin zama ne. Mu mun saya mata ƙwayar barci wurin mai tebur a kasuwa. Wata uku ba ta iya runtsawa sai da ita, fushin kuma yana nan. Diyazefam da tramol sabo suke kamawa, su ƙara wa mai saurin yanke hukunci ganganci. Akwai kuma ruɗani da ciwon da ake ce wa bayifola. A can, hawa da saukar rai suna ɗaukar kwanaki ko makonni. A bodalayin awanni ne, kuma galibi wani ne ya faɗi wata magana. Shi ya sa likita nagari ba ya yanke suna a zaman farko. Zai tambayi ƙuruciya, shaye-shaye, farfaɗiya, barci.

Ranar da muka je wurin likita, Inna ta kama bayani tun daga yaye. Likitan ya saurara, sannan ya ce, "Hajiya, ku ɗan ba mu wuri." Inna ta fito ranta a ɓace, muka zauna kan benci fiye da rabin awa. Da ƙanwata ta fito, idonta jajir, sai ta ce min, "Yaya, yau ne aka fara tambayata me nake ji." Ku raka, ku ba da labarin abin da kuka gani, amma ku bar mai ciwo da bakinsa, kada kuma ku tsare shi a gida sai ya faɗi abin da ya gaya wa likita.

Hanyar magani ta zama da magana da aka fi sani ga bodalayin ita ce wadda ake kira DBT, wadda Marsha Linehan ta jami'ar Washington ta tsara, ta fitar da littafinta a 1993. Abu huɗu ake koyarwa: tara hankali wuri ɗaya, jure baƙin ciki ba tare da cutar da kai ba, sarrafa fushi da tsoro, da iya neman haƙƙi ba tare da ɓata zumunci ba. Cikakken tsarin yakan ci wata shida zuwa shekara. Ko ba a sami mai yin sa duka ba, tambayi wanda kuke gani kai tsaye: wace hanya za mu bi, sau nawa a wata, me za mu yi idan dare ya yi muni? Ɗaya daga dabarun mai sauƙi ce: idan zuciya ta taso, a tsoma fuska cikin ruwan sanyi a riƙe numfashi kaɗan, bugun zuciya ya sauka. Ƙanwata da kwanon ruwan randa take yi.

Bayan zama na huɗu ta rantse ba za ta koma ba, wai likitan ya tsane ta don ya ɗaga ranar haɗuwa. Saura kaɗan mu biye mata mu nemi wani. Ashe wannan fushin shi ne ciwon kansa, kuma ɗakin likita ne wurin da ya kamata a kai shi. Amma likita mai zagi ko mai tona asiri, wannan kam a bar shi.

Abu ɗaya ne ba a jira da shi. Idan mai ciwon ya ce zai kashe kansa, kada wani ya ce neman a kula shi yake. A kwashe fiya-fiya, maganin ɓera, reza da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, wani ya kwana tare da shi, a kai shi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.