Yadda ake zagaya tsibirin Gore cikin rabin yini in ka je Dakar

Ƴan'uwa da yawa daga nan Maraɗi suna zuwa Dakar, wani karatu ya kai shi, wani sarin kaya, wani taro na kwana uku, kuma sai mutum ya dawo ka tambaye shi ko ya leƙa Gore ya ce maka ai babu lokaci. Wallahi abin yana mani zafi, domin tsibirin ga bai kai kilomita 1 ba a tsawo, faɗinshi kuwa kamar mita 300 ne, daga tashar jirgin ruwa ta Dakar minti 20 ya kai ka, in ka tashi da safe kafin la'asar ka dawo masaukinka har ka huta. Rabin yini ya isa, amma fa sai ka san abin da za ka fara da shi da abin da za ka bari. Ni sau biyu na je, zuwan farko na yi asararshi, na biyu ne na more, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ake yi.

Abu na farko zaɓen rana. Kada ka je ranar Litinin, gidan bayi, wato gidan tarihin cinikin bayi, a rufe yake ranar, kuma shi ne zuciyar tahiyar. Zuwana na farko ranar Litinin ne, na tsaya bakin ƙofa ina kallon bango ja, wani saurayi da ya ce mani shi gid ne, wato mai zagayawa da baƙi, ya riga ya karɓi kuɗina tun bakin ruwa alhali ya san ba a buɗewa, ya zagaya da ni lunguna biyu ya kai ni wurin masu sai da zane ya ɓace. Asabar da Lahadi kuma mutanen Dakar kansu suna kwararowa wanka bakin teku, jirgi yana cika maƙil. In kana da zaɓi ka ɗauki Talata, Laraba ko Alhamis. Jumma'a ma tana yi in kana son ka samu salla a masallacin tsibirin, sai dai lokacinka zai matse. Ka tuna kuma agogon Senegal yana bayan namu da awa 1, ka duba wayarka ta gyara kanta tun ka sauka filin jirgin Blaise Diagne.

Sai abin da za ka riƙa. Fasfo ko katin dantite, wannan dole ne, ana dubawa kafin a shiga tasha, kuma kuɗin tikiti kashi-kashi ne, na mazauna ƙasar daban, na sauran ƴan Afirka daban, na Turawa daban, to in ba ka da takardar da za ta nuna kai ɗan Nijar ne kai ka jawo ma kanka. Kuɗi kuwa alhamdu lillahi babu wahalar canji, sefa ɗin da ke aljihunka a kasuwar Maraɗi ita ce dai suke kashewa can, abin da kawai zan ce ka nemi ƙananan kuɗi, ƴan jika-jika da ƴan dala ɗari-ɗari da ƙarafa, kada ka je da ƴar jika goma kana miƙa ma mai sai da bisap. Ruwan sha gora ɗaya babba, hula ko malfa, takalmin da ƙafarka ta saba da shi domin tsibirin babu mota ko ɗaya, babu kabu-kabu, babu adaidaita, ƙafarka ce motarka, hanyoyin kuma rairayi ne da duwatsu. Hajiya in za ki je, ki bar takalmi mai tsini a masauki, ki kuma ɗaura kallabi da kyau, iskar teku ba ta san girman kowa ba.

Tashar jirgin tana cikin tashar ruwa ta Dakar, kusa da tsohuwar gar ɗin jirgin ƙasa, duk mai taksi ka ce mishi shalup ɗin Gore ya sani. Ka yi ciniki da shi kafin ka shiga. Ka nemi jirgin safe, ka iso da aƙalla rabin awa kafin tashi saboda layi, kuma abu mafi muhimmanci da mutane ke mantawa, kana sayen tikiti ka ɗaga waya ka ɗauki hoton allon da aka rubuta lokutan tashi da na dawowa. Tikitin na zuwa da dawowa ne, ka adana shi wurin da ba zai jiƙe ba.

Yanzu maganar ruwa. Mu mutanen tudu ne, wanda ya fi kowa sanin ruwa cikinmu shi ne wanda ya shiga kwalekwale a tabkin Madarumfa ko ya ga Gulbi ya kawo da damina, to teku wani abu ne daban, yana numfashi, jirgi yana ɗagawa yana sauka. Kada ka cika cikinka da kumallo mai maiƙo, ɗan burodi da shayi sun isa. In ka ji zuciyarka tana tashi kada ka sunkuyar da kai kana kallon waya, ka fita inda iska take ka kafa ido can nesa inda sama ta haɗu da ruwa. Ni na hau bene na zauna, ina ta karanta addu'ar hawa abin hawa, wata tsohuwa Bawolofiya kusa da ni da kwandon kifi a gabanta tana ta ɓare gyaɗa kamar a tsakar gidanta take, da ta ga na riƙe ƙarfe da hannu biyu sai ta miƙo mani gyaɗar ba ta ce komai ba. Kafin in cinye sai ga gidajen Gore sun bayyana, ja da ɗorawa da ruwan hoda, yara suna ta tsalle cikin ruwa gefen jirgi suna nutso suna kamo ƙarafan da ake jefa masu.

Kana sauka akwai ɗan harajin gari da baƙi suke biya nan kusa da bakin ruwa, ka biya ka karɓi rasit. Daga nan ne aikin yake, wato zaɓen wanda zai zagaya da kai. Za su taso maka da yawa, kowa yana cewa shi ne, kada ka yi gaggawa kuma kada ka yi faɗa, ka yi sallama ka ce jerejef, wato na gode da Wolof, ka wuce wurin da masu kati a wuya suke. Ka nemi mai katin aiki, ka dube shi da idonka. Sannan ku yi magana uku kafin ku ɗaga ƙafa: nawa ne, na mutum ɗaya ne ko na ƙungiya duka, awa nawa za ku yi, kuma ina da ina zai kai ku. Kuɗin shiga gidajen tarihi daban ne da ladarshi, ka tambaya a fili. Kada ka biya duka tun farko, ka ce sai an gama. Mu da muka tashi cikin ciniki ba sai an koya mana wannan ba, amma ban san me ke sa mutum in ya je baƙuwar ƙasa sai kunya ta kama shi ya kasa tayawa. In ku huɗu ne ko biyar ku haɗa kuɗi ku ɗauki mutum ɗaya. Yawancinsu Faransanci suke yi, to in akwai dattijo cikinku da bai yi lakkwal ba ku sa wani ya tsaya kusa da shi yana maida mishi da Hausa, kada a bar shi yana bin mutane kawai.

Ka ce ma gid ɗin ku fara da gidan bayi, kada ka yarda ya ce sai daga baya, saboda suna rufewa da tsakar rana su sake buɗewa bayan azahar, in ka kuskure safiya rabin yininka ya zama yini guda. Gida ne na ƙarshen ƙarni na 18, aka maida shi gidan tarihi a 1962, kuma mutumin da ya sa duniya ta san shi, Boubacar Joseph Ndiaye, ya yi shekaru kusan 40 yana ba baƙi labari a tsakar gidan har ya rasu a 2009. Kana shiga za ka ga matakala biyu sun lanƙwasa sun hau bene, sama nan masu gida suke zama, ƙasa kuma ɗakuna ne ƙanana masu duhu, an rubuta bisa kowace ƙofa: maza, mata, ƴanmata, yara. Akwai ɗakin waɗanda nauyinsu bai kai ba, gid ya ce mana wanda bai kai kilo 60 ba nan ake aje shi ana ɗura mishi abinci sai ya yi nauyi, kamar yadda muke turke rago kafin layya. Ƙarƙashin matakala akwai wani rami da ake tura masu taurin kai, mutum ba ya iya miƙewa tsaye ciki. Na durƙusa na shiga, bangon yana da sanyi da danshi, warin gishiri, ban yi minti ɗaya ba na fito, kuma wallahi har muka bar gidan ban iya magana ba. Daga tsakiyar matakalun wani siririn lungu ya miƙe har wata ƙofa da ta buɗe kan teku, ita ake kira ƙofar da ba a dawowa, ba ka ganin komai sai haske da baƙaƙen duwatsu da ruwa.

Dan Allah a wurin nan ka rage murya. Na ga mutane suna layi suna washe baki suna ɗaukar hoto bakin ƙofar ga kamar wurin buki, ka ɗauki hotonka ba laifi, amma ka tsaya ko minti biyu ka yi ma mutanen addu'a, ƴaƴan wasu ne. Masana tarihi sun yi saɓani kan yawan bayin da suka bi ta Gore, da yawa suna ganin wasu tashoshin gaɓar Afirka sun fi ta fitar da mutane nesa ba kusa ba, kuma in gid ya faɗi adadi mai girma kana iya tambayarshi cikin ladabi. Ni dai wannan bai rage mani komai ba, ko mutum ɗaya aka kulle a ramin can ya isa. Mu ma kuma ƙasar Hausa an yi bauta an sai da mutane, duk wanda ya zauna da kakanni ya ji. Nelson Mandela ya zo gidan ga a 1991, Fafaroma John Paul na biyu a 1992, Obama a 2013, UNESCO kuwa tun 1978 ta sa tsibirin cikin kayan tarihin duniya.

Bayan nan ga abin da gid ba zai kai ka ba sai ka nema, kuma a ganina ɗan Nijar bai kamata ya bar Gore bai gan shi ba: tsohon ginin makarantar William Ponty. Daga 1913 har wajen 1937 nan makarantar take kafin a maida ta garin Sebikotane, nan Faransa take horar da malamai da ma'aikata na duk ƙasashen yammacin Afirka da take mulka, Bubu Hama ya yi karatu a Ponty, Diori Hamani shugabanmu na farko ma haka, da Modibo Keita na Mali da Houphouët-Boigny na Kodebuwa. Ginin ya tsufa, babu wani abin kallo na a zo a gani, amma ka tsaya gabanshi ka ƙiyasta yaro ya taso daga ƙasarmu a zamanin da babu kwalta, ya yi makonni bisa hanya, ya zo ya zauna tsakiyar ruwa shekara da shekaru babu uwa babu uba. Ɗalibanmu da ke Dakar ku ne na fi so ku je nan.

Sauran kuma a yi su da sauri. Cocin Saint-Charles ta 1830 kuna wucewa ta gabanta. Ku hau tudun Kastel a kudancin tsibirin, hawan bai da tsawo amma rana tana duka, kukoki gefen hanya irin namu sak, masu zane da masu yin hoto da rairayi kala-kala sun baje kaya, can sama akwai manyan igwa na Faransawa da suka yi tsatsa, kuma daga nan kana hango Dakar gaba ɗaya. Gangarowa sai ka biya masallaci, yana gindin tudun bakin ruwa, ginin dutse ne na ƙarshen ƙarni na 19, cikin tsofaffin masallatan Senegal. Ka yi azahar nan, kana sujada kana jin teku tana dukan dutse ta bayan bango. In lokaci ya rage akwai ganuwar Estrées a ɗaya ƙarshen, zagayayyen gini da aka maida gidan tarihin Senegal, in bai rage ba ka bar shi, kada ka yi gudu.

Tsaraba ka bar ta ƙarshe. Tun cikin jirgi wasu mata za su gaya maka sunansu su ce ka tuna da shagonsu, kada ka ce to in ba ka da niyya, domin za su same ka su ce ka yi alkawari, ka ce Allah ya ba da kasuwa kawai. Abin da ka gani ka so ka taya rabin abin da aka sa, ku haɗu tsakiya, ka tuna kaya da yawa akwai irinsu a kasuwar Sandaga ta Dakar da rahusa. Ka sallami gid ɗinka, in ya yi aiki da gaskiya ka ƙara mishi wani abu bisa abin da kuka shirya. Abinci akwai gidaje jere bakin ruwa, cebujen wato shinkafa da kifi, ko yasa wato kaza ko kifi da miyar albasa, ka tambayi kuɗin kwano kafin a zuba, ka kuma gaya masu jirgin ƙarfe nawa za ka bi saboda wani lokaci girki yana jan lokaci.

Sai ka buɗe hoton allon nan da ka ɗauka da safe, ka duba jirgi na gaba, ka fito da tikitinka, ka je bakin gada da minti 20 kafin lokaci domin na yamma yana cika da ƴan makaranta da ma'aikata, wanda ya zo baya tsaye zai yi har Dakar. In ka samu wuri ka zauna ta baya, daga nan ne ake ganin tsibirin yana ƙanƙancewa.