Kafin Ka Dogara da Jirgin Ƙarfe Bakwai

Kuɗin hayar gida a cikin Landan ne ke korar yawancinmu zuwa bayan gari, irin su Luton, Slough, Dartford ko Grays. Ɗakin ya fi sauƙi, gaskiya ne, amma daga ranar da ka tare abincinka ya rataya a wuyan jirgin ƙasa. Ni ma da na zo na ɗauka jirgin Bature ba ya makara. A makona na biyu a wurin aiki na tsaya a dandamali ina kallon allo, jirgin 7:14 ya koma 7:22, ya koma 7:31, daga nan aka ce an soke shi saboda babu direba. Na isa aiki a makare da minti 50, ga ni sabon ma'aikaci, ina ta ba da haƙuri. Wadda ke shugabantarmu ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce gobe in hau wanda ke gabansa.

Shawarar da zan ba ka ke nan, ɗan'uwa. Jirgin da lissafi ya nuna zai kai ka daidai lokaci ba naka ba ne, na gabansa shi ne naka. Da sanyin safiya ake kama fara. In aikinka na karɓa-karɓa ne, kamar gidan kula da tsofaffi ko asibiti, akwai wanda ya kwana yana jiran ka karɓe shi, kuma labarin lalacewar sigina, wato fitilun da ke ba jirgi hannu, ba ya cikin abin da yake son ji. Tun kana gida ka duba manhajar National Rail, mai nuna lokutan jirage. Da zarar ka ga alamar tangarɗa ka tura wa shugabanka saƙo, kar ka bari sai ka iso.

Dalilan da ake bayarwa sukan ba baƙo dariya. Wai ganye. A watan Oktoba da Nuwamba ganyen itatuwa kan zubo a kan dogo, ƙafafun jirgi su niƙe shi ya zama wani abu mai santsi, birki ya ƙi kamawa yadda ya kamata, dole direba ya rage gudu. Da zafi kuma ƙarfen dogon ke miƙewa har ya lanƙwashe. Ranar 19 ga Yulin 2022, da zafi ya haura digiri 40 karon farko a tarihin ƙasar, layuka da dama sun tsaya cak. Mutumin Sakkwato zai ce wannan ai watan Afrilu ne kawai, amma dogon nan ba don irin wannan rana aka ɗaure shi ba. Sai lalacewar sigina, ƙarancin ma'aikata, da yajin aiki, wanda ya addabi matafiya daga Yunin 2022 har cikin 2024. Shi yajin aiki ana sanar da shi kwanaki kafin a fara, don haka wanda ya kama shi bai saurari labarai ba ne.

Inda na fi ganin mutanenmu suna asara shi ne wajen kuɗin diyya. Mun saba in mota ta lalace a hanya sai mu ce Allah ya sa haka ya fi alheri, mu kakkaɓe riga. Haƙuri na da kyau, amma a nan akwai tsarin da ake kira Delay Repay, kuma haƙƙinka ne, ba roƙo ba. A yawancin kamfanoni, in ka isa inda za ka a makare da minti 15 zuwa 29, ana mayar maka da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin tikitin zuwa. Minti 30 zuwa 59, rabi. Awa ɗaya zuwa sama, duka. Wasu kamfanonin sai an kai minti 30 suke fara biya. Kana da kwana 28 ka shigar da buƙata a shafin kamfanin da jirginsa ya makarar da kai, kuma masu tikitin mako ko na wata su ma suna da rabo. Ka ɗauki hoton tikitinka kafin na'urar ƙofa ta haɗiye shi, ka rubuta lokacin da ka sauka. Fam biyu yau, fam huɗu jibi, kafin shekara ta zagayo ka ga kuɗin cefane.

Asabar da Lahadi kuwa ranakun gyaran dogo ne. Wani lokaci za ka zo tasha ka tarar babu jirgi, sai bas da aka tanada a madadinsa, mai bin kowace ƙaramar tasha, tafiyar rabin awa ta koma awa ɗaya da rabi. Kuma tun da an riga an sanar da sauyin, ba za ka ga diyya ba. Ranar Kirsimeti, 25 ga Disamba, jiragen ba sa aiki, washegari ma kaɗan ne ke fita. In an sa ka aiki a ranakun nan, ka nemi mai mota tun da wuri.

Ka riƙa sauraron sanarwa a cikin jirgi. Wasu jiragen kan rabu biyu a hanya, taragun gaba su nufi wani gari, na baya wani. Na san wanda barci ya kwashe, ya farka a bakin teku. Ƙofofi kuma ana rufe su kamar daƙiƙa 30 kafin lokacin tashi. Duk saurin da kake, kar ka shiga ba tikiti, tarar fam 100 ce a Ingila ban da kuɗin tafiyar.

Da hunturu magariba kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma a Disamba, jinkiri kaɗan sai ya haɗa maka la'asar da magariba a hanya. Na koyi fitowa da alwala, da azumi kuma dabino da ruwa ba sa barin jakata.

In jirgin ƙarshe na dare aka soke kana riƙe da tikiti, kar ka yi gaggawar kiran tasi da kuɗinka. Nauyin kamfanin ne ya nema maka hanyar isa tashar da ka nufa. Ka nemi ma'aikaci, in babu kowa akwai akwatin neman taimako a jikin dandamali, ka danna maɓallin, wani zai amsa, ka gaya masa sunan tashar da kake da inda za ka.